Barde mai tsawon gaɓar yatsa: wasan Turawa da tarihin dawakinmu

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata sha'awa da takan ba mutanenmu dariya idan suka fara jin labarinta. Magidanci mai furfura, wani likita ne wani direban jirgin ƙasa, zai dawo daga aiki ya zauna gaban fitila da buroshi mai baki kamar tsinin allura, ya kwashe sa'o'i yana shafa fenti a jikin ɗan mutum-mutumin mayaƙi wanda tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba. In ya gama ɗaya ya ɗauki wani, har ya tara runduna. Ranar hutu sai ya kwashi rundunar ya nufi gidan abokinsa, su shimfiɗa teburin da aka ƙera wa tuddai da rafuka da itatuwa, su jera mayaƙan, su gwabza bisa ƙa'idojin da aka rubuta cikin littafi, ana auna tafiyar kowane doki da ma'auni.

Mai karatu na iya cewa wannan aikin wanda ya ƙoshi ne, mu kuwa muna fama da farashin masara. Akwai gaskiya a ciki. Duk da haka ina da ra'ayin cewa wannan wasa ya fi dacewa da mu fiye da waɗanda suka ƙirƙiro shi, domin su baradensu sai a gidan tarihi, mu kuwa namu suna fitowa da ransu duk Sallah, amma sanin da muke da shi a kansu yana ƙarewa muna kallo.

Asalin abin ba wasan yara ba ne. A shekarar 1824 wani ƙaramin hafsan soja a Purushiya, ɗaya daga cikin masarautun Jamus, mai suna Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wata hanya ta koyar da dabarun yaƙi a kan taswira, wadda ya gyara daga aikin mahaifinsa. Suka kira ta Kriegsspiel, ma'ana wasan yaƙi. Rundunar ta karɓa, kuma bayan da Purushiya ta ci Faransa da yaƙi a 1870 zuwa 1871 sai sauran ƙasashe suka shiga kwaikwayo. A 1913 marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya fitar da ɗan littafinsa Little Wars, ya sauko da wasan daga barikin soja zuwa falon farar hula, ana yin sa da sojojin wasa na ƙarfe. Daga nan abin ya yi ta rassa. Kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, ya fito da Warhammer a 1983, inda aka bar tarihi aka shiga duniyar ƙage: dodanni, matsafa, da barade a kan dawaki masu fukafukai. Wannan kamfani mai sayar da 'yan mutum-mutumin roba da kwalaben fenti ya yi cinikin da ya haura fam miliyan 500 a shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024, kuma a Disambar 2024 ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jari ta Landan. Wanda ke ganin abin shirme ne sai ya sake duban waɗannan alƙaluma.

Sai dai ba kuɗin ne ya ja hankalina ba, aikin fentin ne. Mayaƙin yakan zo ne tsirara, launin toka, tsawonsa kimanin milimita 28. Mai fenti zai fara kankare layin da zubi ya bari, ya manna mahayi a kan doki, ya fesa masa fentin shimfiɗa wanda sauran launuka za su kama. Sa'an nan ya bi kowane sashe da launinsa: jikin doki, geza, kofato, sirdi, riga, takalmi. Bayan haka ya zuba wani fenti mai ruwa-ruwa kuma mai duhu, wanda zai gangara ya kwanta cikin lunguna ya fito da inuwa. Daga nan ya koma kan wuraren da suka tasa, irin su kafaɗa da gefen garkuwa da ƙugun doki, ya ɗiga musu launi mai haske kamar rana ce ta sauka a kansu. Ƙarshe ya manna yashi da busasshiyar ciyawa a gindin da dokin ke tsaye. Masu wannan sha'awa sun san doki ya fi dakare wuya nesa ba kusa ba, saboda jikinsa fili ne mai faɗi, in ba a iya sarrafa inuwa ba sai ya fito kamar an tsoma shi cikin bokiti.

Abin lura shi ne, buroshi ba ya yarda da "kusan haka ne". Marubuci zai iya cewa "barade suka fito cikin shiga ta alfarma" ya wuce abinsa, babu mai tuhumarsa. Mai fenti ba shi da wannan mafaka. Dole ya yanke shawara a kan kowane ɗigo: wannan igiyar da ta zagaya cikin doki ta fata ce ko ta saƙa, wane launi ne da ita, ina ta ɗaure, me ke ƙarƙashin sirdi. Wannan tilas ce ta sa Baturen da ke fentin sojojin Napoleon ya san launin wuyan rigar kowace bataliya, kuma ita ce ta haifar da kasuwar littattafai masu zane waɗanda ba su da wani aiki sai bayanin tufafi da makaman mayaƙan da. Wani kaso mai yawa na abin da mai wannan sha'awa a Turai ya sani game da tarihin yaƙe-yaƙensu daga wannan teburi ya samo shi.

To, a ce an miƙa wa ɗalibinmu na jami'a irin wannan ɗan doki da buroshi, aka ce ya mayar da shi barden Zazzau ko na Katsina. Tambayar farko ita ce launin dokin. Hausa ba ta tsaya ga fari da baƙi da ja ba. Akwai akawal, baƙin doki. Akwai kili, fari. Akwai danda mai dabbare-dabbare. Ga bidi, ga hurde, ga gunya, ga bikili, ga aharas, kowanne da kamanninsa da masu doki suka sani. Akwai bambancin ingarma da ƙuru, da goɗiya da dukushi. In an wuce nan sai kayan hawa: sirdi da ƙwacciyarsa, zubka da kuhu da jalala da bishiri, majayi, linzami da ragama, likkafa da wangami, da ƙaimin da ke dunduniyar mahayi. Nakan jefa wa ɗalibai irin waɗannan kalmomi a aji lokaci-lokaci. Sirdi da linzami kowa ya sani, ƙaimi kuma sun san shi ne a cikin "ƙara ƙaimi" ba tare da sanin ƙarfe ne da ake zungurar doki da shi ba. Sauran kuwa sai kallon-kallo. Ba laifinsu ba ne. Kalma ba ta rayuwa sai da hannun da ke taɓa abin da take nufi, kuma hannayen da suka rage su ne na dukawa da maƙera da maɗinka da barorin doki na gidajen sarauta, waɗanda yawancinsu sun manyanta.

Ga kuma shigar mayaƙin kansa. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya danganta shigo da lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410. Ke nan shekara ɗari shida da wani abu muna da wannan fasaha. Lifidi rigar kariya ce ta ƙyalle da aka cusa wa auduga aka ɗinke, ana sa wa doki ana sa wa mahayi, kibiya ta zo ta maƙale ba ta kai ga fata ba. Sulke kuwa riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa. 'Yan lifida su ne masu nauyi, su ake turawa su fasa sahun abokan gaba, amma nauyin nan shi ne rauninsu: doki yakan gaji da wuri, mahayin da ya faɗo tashi yakan yi masa wuya, auduga kuma ba ta shiri da wuta. Bature Hugh Clapperton ya ga irinsu da idonsa a rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1826, lokacin da aka kai wa Gobirawa yaƙi a Ƙonya, ya kuma rubuta bayaninsu. Joseph Smaldone ya yi littafi guda a 1977 kan tsarin yaƙi a daular Sakkwato, Robin Law ya yi nasa a 1980 kan doki a tarihin Afirka ta Yamma. Ilimin yana nan a rubuce, amma cikin Turanci, a kan kantocin da ba kowa ke isa gare su ba.

Na kawo maganar nan ne ina duban unguwarmu, Unguwar Mu'azu. Kaduna ba tsohon birni ba ne mai ganuwa da ƙofar fada. Turawa ne suka kafa ta, suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. Ta ga manyan hawa guda biyu da har yau ake labarinsu, na zuwan Sarauniya Elizabeth a 1956 da na bikin FESTAC a 1977, amma duka biyun dawakin baƙi ne da aka kawo daga masarautu, aka gama suka koma. Yaron da ya tashi a nan, ko a Kinkinau ko Tudun Wada, in ba an kai shi Zariya da Sallah ba, dokin da ya sani shi ne wanda samari ke haya su yi sukuwa ranar ɗaurin aure. Ɗan lifida bai taɓa gani ba. Amma ka tambaye shi kayan yaƙin Ertugrul, wanda ya kalla a fassarar Hausa, ko na jaruman wasannin da ke cikin wayar yayansa, zai zayyana maka har da sunan takobi. Sha'awar barde tana nan a zuciyarsa daram, sai dai barden na wasu ne.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu yaro ya ƙera doki. Wanda ya yi ƙuruciya kafin zuwan wayar hannu ya san dokin kara, ya san yadda ake ɓare kara a yi mota da jirgi da ɓawonsa da totuwarsa, ya san yadda yara kan zauna bakin kududdufi da damina suna gina shanu da dawaki da laka, a shanya su a rana, a yi musu sirdi da tsumma. Abin da Turawa suka yi kawai shi ne sun ƙi barin wannan wasa ya mutu da ƙuruciya, suka ƙara masa ƙa'ida da bincike. Ko a fagen ƙage ma ba mu rasa jarumai ba. Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, ya yi yaƙi da Turawa ya kuma shiga duniyar aljannu. Iliya Ɗan Maiƙarfi yana nan da dokinsa. Littattafan yaƙi da ake bugawa a Kano cike suke da sadaukai da matsafa. Sarauniya Amina kuwa, wadda tarihi da almara suka cuɗe a labarinta, Turunku da ake dangantawa da gidansu tana nan cikin jihar nan.

Amfanin teburin ya wuce adana sunaye. Yana koyar da dalili, abin da haddar shekaru ba ta koyarwa. Ɗauki yaƙin Tabkin Kwatto na watan Yunin 1804. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki masu yawa, har da 'yan lifida, jama'ar Shehu Usmanu kuwa, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, dawakinsu 'yan kaɗan ne, ƙarfinsu na 'yan baka ne. Amma su suka yi nasara. Ɗalibin da aka ba rundunar Yunfa a kan teburi, aka ce ya ratsa da dawakinsa zuwa ga maharban da suka tsaya suka ƙi watsewa, zai gane da hannunsa cewa doki ba ya cin yaƙi shi kaɗai. Haka in aka jera masa Kwatarkwashi ta Fabrairun 1903, inda Wazirin Kano Ahmadu da baradensa suka yi ta afka wa 'yan tsirarun sojojin Turawa da suka yi sahu mai kusurwa huɗu da bindigogi masu saurin ɗuri, har Waziri ya kwanta dama, zai daina tambayar nan ta raini da matasa kan yi, wai me ya sa kakanninmu suka bari aka ci su. Zai ga ba jarumtaka suka rasa ba. An yi shekara sama da goma ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a ƙananan makarantunmu, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Malaman da aka ɗora wa wannan nauyi suna buƙatar abin da ya wuce allo da alli. Sojojinmu ma, a makarantunsu na Kaduna da Jaji, ba su raina taswira da samfurin fili wajen koyar da hafsoshi ba.

Akwai wani abu da bai kamata mazaunin Kaduna ya tsallake ba. Barden da ni nake gani abin alfahari, maƙwabcina wanda kakanninsa suka zauna kan duwatsun kudancin jihar nan wani labari daban ya gada game da shi: labarin hari da kamun bayi da gudu zuwa kan dutse. Wannan ma tarihi ne, kuma gaskiya ne. A garin da tun rikicin 2000 unguwanni suka rarrabu, kogi ya zama kamar iyaka, duk wanda zai ƙera barade don yara sai ya yi hattara kada ya ƙera kayan gori. A ganina maganin yana cikin wasan kansa, domin ba a yin sa da runduna ɗaya. Dole a ƙera maharbin kan dutse da bakansa da kibiyarsa mai dafi, a fente shi da irin kulawar da aka ba ɗan lifida, a kuma rubuta ƙa'idar da ta ba shi haƙƙinsa: doki ba ya hawa dutse, kuma inda ƙudan tsando yake doki ba ya daɗewa. Abin da ya faru ke nan a zahiri. Ningawa sun daɗe suna hana Kano da Zazzau da Bauchi barci daga cikin duwatsunsu, Haɓen Zazzau da suka kafa Abuja sun tsare kansu, mayaƙan Ibadan kuma sun karya dawakin Ilori a Oshogbo wajen 1840. Yaro Bahaushe da ya riƙe ɓangaren mutanen dutse sau ɗaya, ya ga dawaki sun nufo ƙauyensa, ya koyi abin da wa'azin zaman lafiya na awa guda ba zai koya masa ba.

Saura babbar tambaya, wadda na san tun sakin layi na farko take bakin mai karatu: hukuncin mutum-mutumi. Ba ƙaramar magana ba ce, kuma ba ni da hurumin fatawa. Abin da aka sani a mazhabar Malikiyya shi ne haramcin ƙera cikakkiyar surar abu mai rai wadda take da inuwa, tare da togace 'yar tsanar da yara mata ke wasa da ita. Hujjar togacewar tana da ban sha'awa ga batunmu. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga kayan wasan Nana A'isha, a cikinsu da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya tambaye ta, ta kafa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, shi kuwa ya yi dariya. Ko wannan rangwame ya shafi kayan koyarwa na 'yan makaranta, ko ya tsaya inda malamai suka tsayar da shi, su ne za su faɗa, kuma ya kamata a tambaye su kafin a fara, ba bayan an gama ba. Haka batun ɗan lido da yawancin waɗannan wasanni ke jefawa don yanke hukuncin arangama, alhali akwai hani ingantacce a kan wasan nardu.

Sai dai duka matsalolin biyu suna da mafita a cikin tarihin wasan. Kriegsspiel na asali ba shi da mutum-mutumi ko ɗaya: 'yan guntayen tubala ne masu launin ja da shuɗi, kowanne yana wakiltar rukunin soja. A 1876 kuma Janar Verdy du Vernois ya fito da salon da aka rage dogaro da jadawali da ƙuri'a, aka bar wa alƙali masani ya yanke abin da zai faru bisa hujjar kowane ɓangare. A aji, malamin tarihi shi ne wannan alƙali. Wanda ya ƙi sura mai jiki zai iya zana kayan a kan kwali, ko ya yi abin da nake ganin ya fi kowanne amfani: ya ɗinka ƙaramin lifidi na gaske, ya yi ƙaramin sirdi da jalalarsa, ya ɗora su a kan gungumen icce marar kai da fuska, kamar yadda gidajen tarihi ke yi. Ai kayan ne muke tsoron ɓacewarsu, doki kam yana nan.

Masu yi ba nesa suke ba. A Panteka akwai masu zubin tukwane da suka san narka sanholo da yin ma'ajin zubi da yashi, ga kafintoci ga masu fenti. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana maƙwabtaka da mu, sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana Zariya, Gidan Arewa da gidan tarihi na kan titin Ali Akilu suna da takardu da kayayyakin da za a duba, Gidan Makama na Kano kuma yana da kayan yaƙin da za a auna. Gargaɗi ɗaya ne ba na sassautawa a kansa: kada a kusanci dalma. Turawa sun daɗe suna zuba sojojin wasa da ita kafin su daina, mu kuwa mun ga abin da gubarta ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Icce da laka da kwali da roba sun wadatar.

A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali, a daidai lokacin da rikicin sarauta ke sa ana dakatar da hawan. Takardar shaida ba ta ɗinka lifidi. Aikin da ya fi gaggawa, tun kafin a kai ga teburi da buroshi, shi ne ɗalibanmu na Hausa da na tarihi da na zane su je Zariya da Kano da Katsina su zauna da Shamaki da barorinsa da dukawan da ke yi wa fada aiki, a shimfiɗa kayan doki ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hoton kowanne, a rubuta sunansa da launinsa da inda ake ɗaura shi da wanda ya cancanci hawa da shi. Aikin kammala digiri biyar ko shida sun isa su fitar da littafin zane na farko da Hausa, wanda yaron Unguwar Mu'azu zai buɗe ya ga bambancin kuhu da jalala.